Layi Ashirin da Takwas

An saki Naomi Ishaya da hantsin ranar Alhamis, 28 ga Yulin 1977, bayan ta kwana tara a tsare a Sakkwato kan laifin da ba ta aikata ba. Sufeto Maccido, wanda ya kama ta, shi ya buɗe mata ƙofa da hannunsa. Bai iya ɗaga ido ya dube ta ba. Ta karɓi jakarta, ta duba ko katin aikinta na ciki, ta fita wurin mijinta da ke tsaye a bakin titi.

Abin ya faro ne ranar Litinin ta makon da ya gabata, lokacin da katafila ta shiga gonar wani manomi mai suna Mode a bayan unguwar Gidan Igwai. A shekarun nan kuɗin mai ya shigo, birni yana cin gonaki kamar wuta, kowane wata sai an yanka sabuwar unguwa. An kafa kwamiti ya tantance gonakin da za a karɓa. Kwamitin ya amince a karɓe duka, ban da ta Mode, domin akwai kaburburan kakanninsa a gefenta da kuma rijiyar da maƙwabta ke sha. Geron ya kai ƙugu. Kafin Mode ya iso ya kwanta a gaban katafilar, ta riga ta share kusan rabinsa.

Direban ya ce shi takarda ya bi. Mode bai tsaya gardama da shi ba, ya wuce ofishin shugaban kwamitin, Alhaji Sodangi, da ƙasa a rigarsa.

"Alhaji, kai da bakinka kac ce min ba a taɓa ta," in ji shi. "Ga shi an taɓa. To wa ab babba, bakinka ko takarda?"

Alhaji Sodangi ya ciro rahoton da aka buga da tafireta, shafi uku, ya jera shi da wanda ya rubuta da hannunsa. A rubutun hannun akwai layi biyu da ke cewa a bar gonar Mode yadda take. A shafi na biyu na bugaggen babu su. Kwafin kabon da ya kamata ya kasance a fayil shi ma babu. A ƙasan shafi na uku, kusa da sa hannun Alhaji, akwai haruffan sunan wadda ta buga: N.I.

Washegari aka tura Sufeto Maccido.

Ɗakin masu buga tafireta mutum uku ne a cikinsa: Naomi, da wata Lantana, da shugabansu Malam Malami, dattijon da ya shekara talatin da ɗaya a aikin gwamnati. Maccido na ganinsa ya cire hula ya durƙusa. Malam Malami ne ya koya masa tafireta a wani ɗan shago a Sabon Gari, tun kafin ya shiga ɗan sanda, kuma kyauta, saboda abotarsa da mahaifin Maccido. Sun gaisa, Maccido ya tambayi iyali, ya tambayi ciwon ƙafa. Bai tambaye shi komai game da rahoton ba. Ya nemi a ba shi ɗaki, ya kira Naomi.

"Ke kinka buga wanga?"

"Ni na buga, ranka ya daɗe. Ranar Alhamis, bakwai ga wata."

"Da tafiretarki?"

"Da ita. Ga ƙafar harafin nan da ta karye, duk shafukan akwai."

"To ina layi biyu?"

"Na buga su. Na tuna, don har na tambayi Baba Malami yadda ake rubuta sunan rijiyar."

"Wa ya ba ki wani abu ki cire?"

"Ba wanda ya ba ni komai." Ta matso da takardar gabansa. "Ka ƙirga layukan. Ni ashirin da takwas nake yi a kowane shafi, ba na wucewa, ba na ragewa. In an cire biyu, ashirin da shida za ka samu. Ka ƙirga, don Allah."

Maccido ya bi layukan da murfin biro, sama-sama, ba tare da ya taɓa takardar ba. Shafi na ɗaya, ashirin da takwas. Shafi na biyu, ashirin da takwas.

"Cif," ya ce. "Hannunki na. Ke da kanki kinka ba da shaida."

Naomi ta karɓa ta ƙirga da kanta, leɓenta na motsi. Ta sake ƙirgawa. Sannan ta ajiye takardar a hankali.

"To ban sani ba," ta ce.

Da wannan ya rufe bincike kafin azahar. Manyansa sun yaba da sauri. Lokaci ne da gwamnatin soja ba ta jiran kotu kafin ta share ma'aikaci, kuma a rana ta uku rediyo ya karanta sunan Naomi Ishaya cikin waɗanda aka kora nan take saboda rashin amana. Saura a miƙa ta gaban kotu. Mijinta Istifanus, malamin firamare, yana kawo mata abinci kullum da ƙarfe biyu, kuma kullum sai ya tsaya ya gai da Maccido da ladabi kafin ya miƙa kwanon. Maccido ya fi son a ce zaginsa yake yi, ko da yake a lokacin bai san dalili ba.

Bayan kwana takwas ya zauna buga rahotonsa na ƙarshe. Ba ya ba kowa bugun takardarsa. A shafi na biyu ya rubuta abin da Alhaji Sodangi ya faɗa masa da ƙaramar murya, cewa ya sa hannu ne ba tare da ya karanta ba, domin ana kiran sallar Juma'a. Babban jami'insa ya karanta, ya ja jan biro a kan wurin.

"Cire wannan. Ba Alhaji muke tuhuma ba."

Maccido ya koma ya sake buga shafin ba tare da layukan ba. Da ya zare takardar sai ya ga ƙasanta fili. Ya ƙirga, ashirin da biyar. Ya ɗauki sabuwar takarda da niyyar ya jawo layi uku daga shafi na uku su cike gurbin, ya sake buga na ukun shi ma. Nan hannunsa ya tsaya.

Ya tashi ya ɗauko rahoton kwamitin da rula. Layukan shafi na ɗaya da na uku suna tafiya har kusa da bakin takarda. Na shafi na biyu kuwa duk suna tsayawa kusan rabin inci kafin nan. An matso da makarin gefen dama ne, aka taƙaita kowane layi, don abin da ya rage bayan an cire biyu ya miƙe ya cika ashirin da takwas, ya kuma ƙare daidai kan kalmar da shafi na uku ke jira.

Ya daɗe yana kallon takardar. Da Naomi ce ta tsallake layukan tun a bugun farko, da shafi na biyu ya cika da kansa daga na uku, layukansa dogaye kamar sauran. Da daga baya ta canza shawara, da ta sake buga shafi biyun, aikin minti ashirin. Mutum ɗaya ne kawai zai sha wannan wahala: wanda ba zai iya taɓa shafi na uku ba, saboda an riga an sa masa hannu.

Ya hau babur ya tafi wurin Alhaji Sodangi.

"Ranka shi daɗe, yaushe kas sa hannu?"

"Na hwaɗa maka. Juma'a, takwas ga wata, ana kiran salla."

"Daga nan takardar ina tat tahi?"

"Ɗakin tafireta, a sa ta a ambulan. Talata anka aika ma 'yan kwangila." Alhajin ya gyara zama. "Sufeto, maganar rashin karantawar nan, ba sai ta shiga takarda ba."

"An riga an cire ta, ranka shi daɗe."

A fayil ɗin ma'aikata ya sami takardar hutun Naomi. Ta bar Sakkwato da motar asuba ranar Juma'ar nan zuwa Zuru, bikin ƙanenta, ba ta dawo ba sai bayan kwana tara. Ya buga waya Zuru, aka tura ɗan sanda wurin faston da ya ɗaura auren, cikin awa biyu amsa ta dawo: tana can tun yammacin Juma'a, ita ta jagoranci mata masu girki. Takardar hutun ta kwana takwas a aljihun tebur, taku goma daga ɗakin da ya yi mata tambayoyi. Tambaya ɗaya ce bai yi mata ba: ina take bayan an sa hannu.

Ya sami Lantana ita kaɗai a ɗakin tafireta tana cin gyaɗa, Malam Malami ya tafi asibiti duba ƙafa. Tafiretar Naomi na lulluɓe da mayafinta.

"Layi nawa kike yi a shahi?" ya tambaye ta.

"Ni? Ƙirga?" Ta yi dariya. "Ranka shi daɗe, in takarda ta ƙare ai da kanta taka hwaɗuwa. Sannan in san na kai."

"Kawo min aikinki na watan ga."

Ta kawo. Ya ƙirga shafi biyar: ashirin da huɗu, talatin da ɗaya, ashirin da bakwai, talatin, ashirin da shida. Kowanne da ɗigon farin fenti na gyara.

"Kin taɓa aiki da tafiretar Naomi?"

"Wa? In taɓa ɗiyar Naomi? Ko ƙura kag goge mata sai ta gane." Ta daina dariya. "Yallaɓai, matar nan ko alƙalamin ohis ba ta zuwa gida da shi. Mun yi hwaɗa da ita ya hi sau goma, amma wanga ba ita ta ba. Ba ka tambaye ni ba ranan nan, shi as sa ban ce ba."

"Ranar Litinin, sha ɗaya ga wata, ƙarhe nawa kinka tashi?"

"Ukku da rabi, da kowa."

"Wa ar riƙe da mabuɗi?"

"Wa ka riƙe shi dama? Baba."

Maccido bai rubuta wannan ba. Ya koma ofishinsa ya rufe ƙofa. Yana so ya tabbatar da ƙirgar da ya yi da gaggawa ranar farko, sai ya shimfiɗa shafi na biyu ya ƙirga yadda aka koya masa a shagon Sabon Gari: bakwai-bakwai sau huɗu, a kan kowane layi na bakwai ka danna farcen babban yatsa a gefen hagu don kada ka ɓace. Ɗaya, biyu, har bakwai. Ya kai farce zai danna, sai farcen ya faɗa cikin wani ɗan rami da ke wurin tun da farko.

Ya ɗaga takardar ya karkata ta ga hasken taga. Alamu huɗu, kamar jinjirin wata, a kan layi na bakwai, na sha huɗu, na ashirin da ɗaya, na ashirin da takwas. Shafi na ɗaya babu ko ɗaya. Na uku ma haka.

Ya sa aka fito da Naomi. Ta rame, ta ɗaure kai da ɗankwalin da aka kama ta da shi.

"Yaya kike ƙirga layinki?"

"Ba na ƙirgawa yanzu. Ina da kwali da nake sa wa a bayan takarda, na ja masa jan layi. In jan ya leƙo, na kai ashirin da takwas."

"Ba ki danna farce?"

"Na daina tun shekarar farko. Yana ɓata takarda." Ta dube shi. "Baba ne kawai ke yi har yanzu. Me ya faru, ranka ya daɗe?"

"Koma ki zamna," ya ce. "Ina zuwa."

Ya sake biyawa ta wurin Lantana ya ɗauki tsofaffin takardu goma da Malam Malami ya buga. Duk goman da alamu huɗu-huɗu.

Bayan la'asar ya isa unguwar Gidan Dahala. Malam Malami na zaune a kan tabarma a ƙofar gidan hayar da yake ciki tun Maccido na yaro, ƙafarsa a naɗe da bandeji. Maccido ya cire takalmi ya zauna a ƙasa, ba a kan tabarmar ba.

"Sufeto da kanai! Hawo nan mana."

"Nan ma ya yi, Malam. Rahoto nib buga, ina son ka duba min kahin in miƙa."

Dattijon ya ji daɗi. Ya sa tabarau, ya karɓi shafin, bai ma fara karantawa ba yatsansa ya hau gefen hagu. Bakwai, ya danna. Sha huɗu, ya danna. Ya kai ƙasa ya girgiza kai.

"Ashirin da biyar? Maccido, haka nik koya maka?"

"A'a, Malam. Cire min layi ukku anka yi, ban iya cikewa ba." Ya zaro shafi na biyu na rahoton kwamitin ya ajiye a kan tabarma kusa da nasa. "Wanga kuwa an cire mai biyu, amma mai shi ya iya."

Malam Malami ya dubi takardun biyu. Alamun farce a gefensu iri ɗaya ne, na ɗaya sababbi, na ɗaya sun kwana biyu. Wata mai tallan fura ta zo wucewa ta yi sallama, ba wanda ya amsa.

Maccido ya yi magana yana kallon tabarma. Ya ce an sake buga shafin ne bayan Alhaji ya sa hannu, shi ya sa aka taƙaita layuka maimakon a jawo daga gaba. Ya ce a lokacin Naomi na Zuru. Lantana ba ta san adadin layin kowa ba, ba ta ma san nata ba, kuma ba ta iya buga shafi ba fenti. Wanda ya yi aikin ya san Naomi ashirin da takwas take yi, yana da mabuɗi, ya san inda kabon yake, kuma da ya gama sai ya duba aikinsa kamar yadda ya saba shekara talatin.

"Mu ukku muka ƙirga haka a garin ga, Malam. Ita ta bari. Ni ranar ina Illela wurin aiki."

Dattijon ya cire tabarau ya naɗe.

"Da na bar shi ashirin da shidda," ya ce, "da tun ranar hwarko kun gane ba ita ba ce."

"Awo."

"Na yi tunanin haka. Na zare takardar da ashirin da shidda, na dube ta, hannuna ya ƙi. Shahi bai cika ba. Sai nis sake."

"Don mi, Malam?"

"Shekara talatin da ɗaya ina buga ma mutane takardar hili. Yaran da nik koya ma riƙon hensir, na buga musu ta hili biyu-biyu. Watan Disamba nika barin aiki, wanga gida kuwa ka san ba nawa na ba." Ya shafa bandejin ƙafarsa. "Wani yaz zo yac ce gonar na bakin hanya, shina son ta. In ta shiga rabo, akwai ɗan ƙaramin hili nawa daga baya. Layi biyu kawai. Nic ce wa ka karanta takarda a ƙasar ga?"

"Wa na shi?"

"Wanga ba ka jin shi daga bakina."

"Malam, ta kwana takwas a bayan kanta. An kira sunanta a rediyo. Baba take ce maka."

"Kullum da sahe nika cewa yau zan tahi in hwaɗi. In sa riga, in kai bakin titi." Ya saka tabarau a aljihu. "Ranar da kaz zo, na zaci za ka tambaye ni. Na shirya amsa. Sai kat tambayi ƙahwata."

Wannan maganar ce ta fi tsaya wa Maccido a rai daga baya, fiye da alamun farcen.

Bai sa masa ankwa ba. Ya tare tasi, ya riƙe masa hannu ya shiga, shi kuma ya bi su a baya da babur. A caji ofis Malam Malami ya ƙi yarda a rubuta masa jawabinsa, ya ce a ba shi tafireta. Ya buga shafi ɗaya, ya amsa laifinsa, bai ambaci sunan kowa ba. Washegari da hantsi aka saki Naomi.

Kwamitin ya sake zama ya mayar wa Mode gonarsa. Rabin geron ya tafi, kuma lokacin shuka ya wuce, sai ya zuba wake a wurin. Wanda ya so gonar bai sake aiko kowa ba, kuma ba a san shi ba.

Maccido ya rubuta takarda zuwa sama yana neman a mayar da Naomi Ishaya bakin aikinta, a kuma karanta gyara a rediyo kamar yadda aka karanta korar. A ciki ya rubuta cewa jami'in da ya yi binciken farko bai duba takardar hutunta ba, kuma bai yi wa shugaban ɗakin tambaya ba saboda sanayya. Babban jami'insa ya ce ya cire wannan. Bai cire ba.

Bayan mako uku ya je gidansu a Sabon Gari ya kai mata kwalinta mai jan layi, wanda aka riƙe cikin kayan shaida. Istifanus ya shimfiɗa masa tabarma, ya ƙi zama. Naomi ta fito ta karɓi kwalin, ta juya shi ta duba bayansa.

"Sun amsa takardar taka?" ta tambaya.

"Tukuna."

"Matan cocinmu duk sun ji na farkon," ta ce. "Uwata ma ta ji a Zuru."

Har ƙarshen shekarar, tafiretarta na nan a lulluɓe a ɗakin, Lantana ba ta bari kowa ya taɓa ta. Amsa ba ta zo ba, kuma rediyo bai karanta gyaran ba.